Wai da gaske Bentley da Lamborghini duk na Volkswagen ne? To me mai kuɗi ke saya kenan?

MaiSonMota ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin harkar motoci ku zo ku warware min wannan abu don ya tsaya min a rai. Na daɗe ina jin ana cewa Bentley da Lamborghini da Porsche da Audi duk kamfani ɗaya ke da su, wato Volkswagen mai yin Golf da Passat, kuma wai Rolls-Royce ta BMW ce, Range Rover kuma ta wani kamfanin Indiya. Har an ce min jif ɗin Lamborghini ɗin nan Urus da Touareg ƙasansu ɗaya ne, bodi kawai aka canza.

To in haka ne wanda ya zuba maƙudan kuɗi ya ɗauki Bentley me ya saya, mota ya saya ko tambari? Ba cuta a ciki? Sannan abu na biyu da na kasa ganewa, kamfanin da attajiran duniya ke rububin kayansa har sai an bi layi, me zai hana shi tsayawa da ƙafarsa sai ya shige ƙarƙashin kamfanin da ke yi wa talaka mota? Ni a tunanina ai su ya kamata su sayi Volkswagen ba ita ta saye su ba.

Injiniya_77 ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Volkswagen ke da Audi, Porsche, Bentley, Lamborghini, har da Ducati masu babura, ga kuma Skoda da Seat. A shekara ɗaya tal, 1998, ta kwashe Bentley da Lamborghini da sunan Bugatti, lokacin Ferdinand Piëch ke shugabanta, jikan Ferdinand Porsche ne kuma mutum ne mai son inji fiye da kima. BMW ke da Rolls-Royce da Mini. Jaguar da Land Rover suna hannun Tata ta Indiya tun 2008, Volvo na hannun Geely ta China tun 2010, Maserati da Alfa Romeo kuma suna cikin Stellantis tare da Peugeot da Fiat da Jeep. Akwai kuma waɗanda ba sayo su aka yi ba, a gida aka haife su, kamar Lexus da Toyota ta fito da ita a 1989 ko Genesis ta Hyundai, su kam ba a ma ɓoye uwarsu.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wurina don nan ne mutane suke ruɗewa, suna ganin tsadar motar sai su ɗauka kamfanin na iyo cikin kuɗi. Ba haka lissafin yake ba. Kafin sabuwar mota ta fito sai an ƙera inji an gwada shi shekara da shekaru, a gwada ta a sanyi a gwada ta a zafi, a fasa motoci da dama a gwajin karo, a rubuta manhajar kwamfutar da ke tafiyar da inji da birki da giya, a cika dokar hayaƙi ta Turai daban ta Amurka daban ta China daban, kuma wannan ɗawainiyar kusan ɗaya ce ko mota miliyan za ka sayar ko dubu. Volkswagen da ke sayar da mota kusan miliyan 9 a shekara tana raba kuɗin a kan miliyoyi, shi kuwa mai sayar da 'yan ɗaruruwa komai tsadar motarsa ba za ta rufe ramin ba, shi ya sa in ka bi tarihinsu kusan duk sun taɓa durƙushewa.

Ɗauki Lamborghini. Ferruccio Lamborghini mai ƙera taraktoci ne, ya kafa kamfanin motar a 1963, bai yi shekara goma sha biyu da shi ba ya sayar ya bar harkar. A 1978 kamfanin ya karye, wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Mimran suka tallafe shi, Chrysler ta Amurka ta saya a 1987, ta gaji ta sayar wa wasu 'yan kasuwar Indonesiya a 1994, duk wannan yawon mota 'yan ɗaruruwa ake fitarwa a shekara kuma daga ƙarshe samfuri ɗaya ne ya rage a hannu, Diablo. Sai da Audi ta karɓa sannan aka samu Gallardo a 2003, wadda ita kaɗai aka ƙera sama da 14,000, kuma a 2023 kamfanin ya haura mota 10,000 a shekara ɗaya karon farko a tarihinsa. Saboda haka ni in an tambaye ni cewa nake da ba don Audi ba da yanzu Lamborghini sai dai a gidan tarihi.

Bakanike_Gaskiya ya rubuta:

Injiniya ka yi bayani amma ka tsallake tambayar farko ta bawan Allah, wato ba cuta a ciki? Ni da hannuna nake kwance motocin nan, kuma zan faɗa maka akwai inda ake cutar mai saye akwai inda ba a cuta.

Maganar Urus da Touareg gaskiya ce. Shasi ɗaya ake ɗora Touareg, Audi Q7, Q8, Porsche Cayenne, Bentley Bentayga da Urus a kai, MLB Evo suke ce masa. Injin V8 mai lita 4 mai tabo biyu shi ne a cikin Urus, shi ne a Cayenne Turbo, shi ne a Bentayga V8, shi ne a RS Q8, sai dai kowa ya yi masa nasa saitin. In ka cire sensa ko fanfo ko wata riliya daga jikin Bentley sau da yawa za ka ga zoben Audi guda huɗu ko tambarin VW a buge a jiki tare da lambar kaya, amma in a kwalin Bentley aka miƙo maka ita kuɗinta daban ne, wannan kam a wurina cuta ce ƙarara don ƙarfe ɗaya ne roba ɗaya ce daga masana'anta ɗaya. Continental GT ta farko ta 2003 ma a kan ƙasan VW Phaeton aka gina ta da injin W12 na gidan. Rolls-Royce Ghost ta farko kuma akwai kayan BMW 7 Series da yawa a ƙarƙashinta, har allon da ke dashbod in ka saba da BMW za ka gane shi nan take ko da an canza masa kala.

Amma fa kada a ɗauka ina nufin Touareg da Urus abu ɗaya ne, wallahi ba ɗaya ba ne, duk wanda ya tuƙa su ya sani. Ƙafa daban, birki daban, saitin giyabos daban, sitiyari daban, sauti daban, ciki kuwa ba a magana, a Bentley fatar kujera da katakon dashbod aikin hannu ne da ake yi a masana'antarsu ta Crewe a Ingila kuma yana cin lokaci sosai. Yadi ɗaya za a iya ba tela biyu kowa ya fito da nasa ɗinkin. Kuma ko kamfanin ba na kowa ba ne ai ba shi ke ƙera komai ba, giyabos ɗin ZF mai giya takwas yana cikin BMW, yana cikin Rolls-Royce, Range Rover, Aston Martin, Maserati, har a-kori-kurar Ram ta Amurka, Pagani da take zaman kanta ma injin Mercedes-AMG take sakawa.

Inda aka yi cutar gaske shi ne inda babban kamfanin ya raina wa mutane hankali. General Motors a 1982 ta ɗauko Chevrolet Cavalier, ƙaramar mota ta kowa da kowa, ta saka mata kujerar fata ta manna tambarin Cadillac ta kira ta Cimarron, har yau ana ba da misali da ita wajen yadda ake zubar da mutuncin suna. Ford ta yi makamancin haka da Jaguar X-Type a 2001 da ta gina a kan Mondeo, motar ba ta da wani mugun aibu amma masu son Jaguar suka ƙi yarda da ita. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Saab ta Suwidin, kamfani mai nasa tunanin daban, GM ta mallake shi gaba ɗaya a 2000 ta koma tana manna sunansa a jikin Subaru Impreza da jif ɗin Chevrolet, daga ƙarshe ta yar da shi a 2010, a 2011 ya mutu. To Injiniya wannan ma ai babban kamfani ne ya riƙe shi, me ya hana ya cece shi?

MaiSonMota ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, gaskiya na ƙaru. Amma Malam Bakanike ka ambaci Bentley da Rolls-Royce a gida biyu, ni kuma na san a da kamfani ɗaya ne har motocinsu kama suke yi, ya aka yi suka rabu ɗaya ta tafi BMW ɗaya ta tafi Volkswagen? Gwamnatin Ingila kuma tana kallo aka kwashe mata su zuwa Jamus?

Dattijo_MaiTarihi ya rubuta:

Yaro wannan labarin shi ne amsar tambayarka ta farko ma, don a nan ne aka ga ƙarara nawa suna yake nawa masana'anta take.

Rolls-Royce ce ta sayi Bentley tun 1931 lokacin da Bentley ta karye, daga nan suka zama gida ɗaya, bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka koma ƙera su duka a Crewe, har ta kai wani zamani bambancinsu bai wuce gaban mota da tambari ba. To shi Rolls-Royce ba mota kaɗai yake yi ba, babban aikinsa injin jirgin sama ne, kuma injin jirgin ne ya kayar da shi a 1971, wani da ake kira RB211 da ya cinye kuɗi fiye da yadda aka tsara, gwamnati ta karɓe kamfanin, a 1973 aka ware ɓangaren mota daban, a 1980 ya koma hannun wani kamfanin Ingila mai suna Vickers. Amma ka riƙe wannan, ikon sunan Rolls-Royce da tambarin RR bai bi ɓangaren mota ba, ya zauna wurin masu injin jirgi.

A 1998 Vickers ta sa ɓangaren motar a kasuwa. Kowa ya ɗauka BMW ce za ta ɗauka don dama ita ke ba su inji a sababbin motocinsu na lokacin, Silver Seraph da Arnage, ta taya fam miliyan 340. Sai Piëch ya shigo da fam miliyan 430, masu hannun jari suka bi mai tsoka, Volkswagen ta samu masana'antar Crewe, ta samu ma'aikata, ta samu Bentley, ta samu ikon surar gaban motar da ɗan mutum-mutumin nan na mace da ke tsaye a kan bonet. Abin da ba ta samu ba shi ne sunan. Masu injin jirgi suna da hulɗar kasuwanci da BMW tun da daɗewa, sai suka ba BMW lasisin suna da tambari a kan fam miliyan 40 kacal. Ka ga an shiga wani hali, Volkswagen na da masana'anta amma ba ta da ikon rubuta Rolls-Royce a jikin motar, BMW na da suna ba ta da ko bulo ɗaya, kuma tana da damar ta yanke ba da inji in ta ba da sanarwar shekara ɗaya, wanda hakan zai tsayar da aiki a Crewe cak.

Dole aka zauna aka sasanta. Volkswagen ta ci gaba da yin duka biyun har ƙarshen 2002, daga 1 ga Janairu 2003 Rolls-Royce ta koma BMW tare da mutum-mutumin da surar gaban, ita kuma ta riƙe Bentley da Crewe. BMW ta gina sabuwar masana'anta fil a Goodwood da ke kudancin Ingila ta fito da Phantom. Abin nufi Rolls-Royce ɗin da kake gani yau ba ta gaji gini ko na'ura daga tsohuwar ba, inji da ƙarfen bodi daga Jamus ake kawo su, a Goodwood ake fenti da fata da katako da haɗawa. Amma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan domin sun zauna sun karanci abin da ya sa ake girmama motar, shiru da laushin tafiya da girma, suka yi shi fiye da yadda Vickers ta iya da ɗan kuɗin da take da shi. Daga Phantom ta 2017 ma sun daina aron ƙasan BMW, sun yi wa Rolls-Royce nata na alminiyam ita kaɗai, a kansa Cullinan da sabuwar Ghost da Spectre mai lantarki suke.

Ka kwatanta da Mercedes da ta ga abokan hamayyarta sun yi gaba ta tono tsohon sunan Maybach a 2002, ga kuɗi ga injiniyoyi amma ta ɗora motar a kan tsohon ƙasan S-Class kuma yawancin masu kuɗin duniya ba su ma san sunan ba, cikin kusan shekara goma abin da aka sayar bai wuce 3,000 da wani abu ba aka rufe, sai daga baya aka dawo da sunan a matsayin S-Class ta musamman. Game da gwamnati kuwa, kamfanin ba nata ba ne a lokacin, na masu hannun jari ne, akwai wasu masoya motar 'yan Ingila da suka yi ƙoƙarin haɗa kuɗi su taya amma ba su kai ba.

Ummu_Hisabi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren lissafi na fi sani ba inji ba, kuma ina so in ɗan ja da Injiniya a kan cewa wai ceton ƙananan kamfanonin aka yi kamar sadaka. Babban kamfani ba ya sayen Bentley don tausayi. Ribar da ake samu a kan Polo ɗaya 'yar kaɗan ce, sai an sayar da tuli, amma in ka riga ka kashe kuɗin ƙera shasi da inji saboda Touareg da Q7, duk abin da ka ɗora a kai mai tambarin Lamborghini ribarsa ninki ce, shi ya sa kowannensu ya rufta yin jif ko da bai dace da tarihinsa ba. Porsche ce ta fara nuna hanyar da Cayenne a 2002, masoya 911 suka yi ta kuka amma jif ɗin ne ya cika asusu.

Kuma ɗan'uwa mai tambaya, abin da ka ce ai su ya kamata su sayi Volkswagen, to an gwada. Porsche ta yi ta tara hannun jarin Volkswagen har a Oktoban 2008 farashin hannu ɗaya ya haura yuro 1,000, na ɗan lokaci Volkswagen ta zama kamfani mafi daraja a duniya, sai rikicin tattalin arziki ya zo bashin da Porsche ta ciyo ya danne ta, reshe ya juye da mujiya, Volkswagen ta ɗauki kusan rabin kamfanin motar Porsche a 2009 ta ƙarasa a 2012. Amma abin da mutane ba sa lura da shi, kamfanin iyalan Porsche da Piëch, Porsche SE, shi ke riƙe da sama da rabin ƙuri'un Volkswagen har yau, jihar Lower Saxony na da kashi 20, Katar na da kashi 17. Kenan Volkswagen ke da Porsche, iyalan Porsche ke da Volkswagen. Haka BMW kusan rabinta na iyalan Quandt ne.

Ferrari kuma ita ce ta karya maganar cewa ba za a iya tsayawa ba. Ford ta nemi saye a 1963 Enzo Ferrari ya fasa a ƙarshe, Fiat ta ɗauki rabi a 1969 ta kai kashi 90 a 1988, sannan aka kai ta kasuwar hannun jari ta New York a 2015 aka sake ta gaba ɗaya a farkon 2016. Mota wajen 13,000 take sayarwa a shekara amma akwai lokacin da darajarta a kasuwa ta zarce ta Fiat Chrysler da ta fito daga cikinta. Da ta yi tata mai ƙofa huɗu, Purosangue, ba ta ari ƙasan kowa ba, ta saka V12 ɗinta kuma ta ce ba za ta bari ta wuce kashi 20 na abin da take ƙerawa ba. Wannan nasarar na cikin abin da ya sa Volkswagen ma ta kai wani kaso na Porsche kasuwar Frankfurt a Satumban 2022.

Injiniya_77 ya rubuta:

Hajiya ban ce sadaka ba ce, ciniki ne kowa ya ci riba, na yarda da ke ɗari bisa ɗari a nan. Amma Ferrari ba hujja ba ce a ganina, don ta shafe sama da shekara arba'in a inuwar Fiat kafin a sake ta, ta yi ƙarfi ne a cikin gida sannan ta fita, kuma har yanzu Exor ta iyalan Agnelli, waɗanda suka kafa Fiat, ita ce babbar mai hannun jari a cikinta kamar yadda take a Stellantis, John Elkann ke shugabantar hukumar duka biyun. In ana son ganin yadda zaman kai yake na gaske a dubi Aston Martin. Tun da Ford ta sake ta a 2007 take neman kuɗi, ta shiga kasuwar Landan a 2018 hannun jarin ya faɗi warwas, attajirin Kanada Lawrence Stroll ya shigo da tawagarsa a 2020, asusun gwamnatin Saudiyya ya zuba, Geely ta zuba, Mercedes na da kaso kuma ita ke ba su injin V8 da kayan lantarki, duk da haka bashi bai bar su ba. Su ne fa a 2011 suka ɗauko 'yar ƙaramar Toyota iQ suka yi mata ado suka kira ta Cygnet, wani ɓangare na dalilin shi ne rage matsakaicin hayaƙin motocinsu, abin da kamfanin da ke cikin babban gida ba sai ya wahala haka a kai ba.

Malam Bakanike, tambayarka kan Saab tambaya ce mai kyau, kuma amsata ita ce ba girman mai gida ba ne, halinsa ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ka karɓi kuɗin babban kamfani sai ka bi abin da ya ce, sai dai wani mai gidan ya san abin da ya saya wani bai sani ba. Ford ta riƙe Jaguar tun 1989 da Land Rover tun 2000, ta gyara musu inganci sosai wannan ba a musu, amma ta so ta mai da Jaguar motar kowa, ƙarshe ta sayar da su biyun wa Tata a kan dala biliyan 2.3, kusan rabin abin da ta saye su. A lokacin mutane da yawa a Turai da Amurka sun yi ta raina abin, wai mai yin manyan motocin kaya da 'yar Nano ina shi ina Range Rover. Tata kuwa ba ta da wani shasi da za ta tilasta musu, sai ta ba da kuɗi ta bar injiniyoyin Ingila da aikinsu, aka samu Evoque a 2011 aka gina masana'antar inji tasu ta kansu a Wolverhampton, har ya zama mafi yawan kuɗin shigar Tata Motors daga can yake fitowa. Geely ta yi wa Volvo irin haka, ta bar zane da ƙira a Gothenburg, XC90 ta 2015 ta fito, sannan ita Geely ta kwashi ilimin ta kai motocinta na China. Jaguar ita kam har yanzu ba ta samu kanta ba, ko a hannun Tata, wannan dole a faɗa.

Bakanike_Gaskiya ya rubuta:

Na gamsu da wannan Injiniya, amma maganar kayan gyara ina nan a kan bakana.

Abin da nake tsoro shi ne gaba. Yanzu abin da ke raba Lamborghini da Audi a kunne da jiki shi ne inji, V12 ɗin Lamborghini nasu ne na kansu a Sant'Agata ake yin shi, W12 ɗin Bentley kuwa an riga an daina shi a 2024. In komai ya koma batir da injin lantarki, batir ɗaya, manhaja ɗaya, duk shiru, duk suna fizga lokaci guda, to bambancin zai koma fata da fenti kawai kuma a lokacin tambayar mai tambaya za ta fi yau zafi.

Ku dubi Bugatti. Sunan ya mutu, wani ɗan Italiya Romano Artioli ya tada shi da EB110 ya karye a 1995, Piëch ya saya ya ce sai an yi masa mota mai ƙarfin doki 1,001 da za ta wuce kilomita 400 a awa, Veyron ta fito a 2005 da injin W16 mai tabo huɗu, guda 450 aka yi a Molsheim ta Faransa, kuma masana harkar sun yi ta cewa asara ake tafkawa a kan kowace ɗaya, babu ƙaramin kamfanin da zai iya ɗaukar wannan. Da Piëch ya bar gidan kuma badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙin dizal da aka kama Volkswagen da ita a 2015 ta ci kuɗi mai yawa, sha'awar ta ragu, a 2021 aka haɗa Bugatti da Rimac ta Kuroshiya, Rimac kashi 55 Porsche kashi 45 a lokacin. Mate Rimac da motocin lantarki aka san shi, kowa ya ɗauka Bugatti ta gaba batir zalla za ta zama, sai ga Tourbillon a 2024 da sabon injin V16 mai lita 8.3 babu tabo ko ɗaya, Cosworth ta Ingila suka taya ƙerawa, aka haɗa shi da injinan lantarki uku. Wani cikinku ya san ko Lamborghini ma za ta riƙe V12 ɗinta bayan motarta Revuelto, ko Audi za ta ce ya isa haka?